Gyaren da ke cikin kunnena

Shekara goma sha huɗu na yi a bakin injin niƙa, daga hantsi har bayan magariba. A ɗakin nan ba a magana sai da ihu. Mace za ta turo yaro da dawa, sai na kai bakina kusa da kunnensa kafin ya ji kuɗin niƙan. Idan na kashe inji da dare, kunnuwana su yi ta kuka kamar gyare ya shiga ciki, in kwanta, da asuba su yi shiru. Na ɗauka gajiya ce. Wata rana na farka da kukan, na je masallaci da shi, na dawo da shi, kuma yau shekara shida ke nan bai tafi ba.

Kukan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Ina jin muryar mutum sarai, amma kalmomin su cakuɗe. "Fara", "sara", "shara" da "tsara" duk suka zama abu ɗaya a wurina. Muryar mata da ta yara ita ta fara ɓacewa. 'Yata ƙarama takan tsaya a bayana ta kira Baba har sau uku, ta juya ta tafi da hawaye. Maƙwabcina da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya ya daina tsayawa a ƙofata, daga baya na ji cewa ya yi mini sallama sau biyu a hanya ban amsa ba. A garinmu wanda bai amsa sallama ba, girman kai ake cewa yana yi, ba wanda zai kawo kunne a ransa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Uwargidana ce ta tsare ni wani dare. Ta zauna a gabana ta ce, "Maigida, ba ka ji. Ka daina cewa mu ne ba ma ɗaga murya." Na yi fushi kwana biyu, sannan na yarda. Kafin nan na ɗiga man zaitun, na ɗiga ruwan albasa, na sosa da gashin kaza da tsinken ashana, wai ko dauɗa ce ta toshe. Wannan sosar ma Allah ne ya tsare ban huda dodon kunnena ba.

A Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna aka auna ni. Aka sa ni a wani ɗaki da ba a jin motsin komai, aka ɗora mini abin sauraro, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ji ƙara. Sautuka masu kauri na ji su, masu siriri kuwa suka wuce ban sani ba. Likita ya nuna mini takardar, layin da ke nuna ƙarfin jina ya faɗi ƙasa a wajen lamba 4,000, ɓangaren sautuka masu siriri, ya ce wannan ramin shi ne tambarin hayaniya. Ya yi mini bayani cewa can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan gashi masu kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Kukan da nake ji, in ji shi, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin sautin da ya daina iso mata. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, iyakar da ake bi kuma ita ce desibel 85 na awa takwas a rana, duk ƙarin 3 kuma sai lokacin ya ragu rabi. Ya ce, "Malam, idan sai ka yi ihu wanda ke kamu biyu da kai zai ji ka, to wurin yana cin kunnenka." Ya kuma tambaye ni ko an taɓa yi mini allurar gentamicin ko streptomycin, ko na sha kwinin, ko na yi sanƙarau, domin duk suna taɓa ji. Ni dai injina ne.

Na'urar ƙara ji ta yi mini tsada, sai da na sayar da raguna biyu na sayi ta kunnen hagu kaɗai. Makon farko na kusa jefar da ita, ƙarar cokali a kwano kamar ana sara ƙarfe a kaina. Aka ce in daure, ƙwaƙwalwa sai ta saba. Ta saba ɗin. Ba ta mayar mini da kunnen da na rasa ba, a kasuwa ko wurin ɗaurin aure har yanzu ina ɓacewa, amma idan tana kunnena gyaren yana ja baya. Zufa da ƙurar hunturu abokan gabarta ne, kullum sai na goge ta na cire batir kafin in kwanta.

Dare ne lokacin gyaren. Shiru yana ƙara masa ƙarfi, don haka nake barin fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa. Na lura ranar da ban yi barci ba, ko raina ya ɓaci, kukan yakan ninka. A masallaci na koma sahun farko, daidai bayan liman.

Abin da ya fi na'ura amfani shi ne na buɗe baki na faɗa. Da na ɓoye saboda tsoron a kira ni kurma, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai bukatar kulawa. Yanzu duk wanda zai yi magana da ni nakan ce masa, ka fuskance ni, ka yi a hankali, kada ka yi ihu, ihu yana ƙara murɗe kalma ne. Na taka har gidan maƙwabcina na nuna masa takardar asibiti. Ya daɗe yana kallonta, ya ce in yafe masa.

Injin yana nan, ɗan ƙanena ke kula da shi. Na saya masa abin toshe kunne, na ce ba zai taɓa hannun injin ba sai ya sa. Shekararsa goma sha tara, kuma makon jiya ya gaya mini kunnensa yana kuka da dare, da safe ya daina. Ranar Litinin zan kai shi Kaduna.