Ranar da Hajiya ta ga Peppa

Asabar, Manchester, sha ɗaya da kwata na dare.

Kowa ya kwanta. Ni kaɗai ce a kicin da ragowar shayi, ga takalmin ruwan Ummi can bakin ƙofa na ɗora shi kan tsohuwar jarida yana tsiyaya.

Yau kwanan Hajiya shida da sauka, kuma duk kwana shidan nan abu ɗaya nake ɓoyo a gidan nan: Peppa Pig, shirin katun na yara a talabijin. Tun ana saura mako ta taso daga Kano na tattara jakar makaranta, da kofi, da kayan barci, duk wani abu mai hoton, na cusa a leda na tura ƙarƙashin gadon ƙaramin ɗaki. Abban Ummi ya yi ta yi mini dariya, wai ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce masa ai shi ɗanta ne, ko me ya yi an yafe. Ni ce suruka, ni za a ce na zo Turai ina renon jikarta da alade.

To yau da safe asiri ya tonu. Ina kicin ina suyar ƙosai, sai na jiyo kiɗan buɗe shirin daga falo, da gurnanin nan da kowane ɗan gidan yake yi idan an ambaci sunansa. Ummi shekararta uku da wata huɗu, amma ta san inda nake ɓoye rimot, ta kuma san inda za ta danna. Na fito da cokalin suya a hannu. Hajiya na zaune kan darduma da carbinta, ta gyara zaman gilashi tana ƙare wa talabijin kallo.

"Wai wannan wace irin dabba ce?"

Ban ga laifinta ba. Idanu biyu a ɓari ɗaya na fuska, hanci kamar bututu, ga jar riga. Na yi shiru. Abban Ummi ne ya ce, "Alade ne, Hajiya."

"A'uzu billahi. Duk dabbobin da Allah ya halitta, a rasa wadda za a ɗinka wa riga sai alade?"

Na miƙa hannu zan kashe, ta ce in bari. "Ƙyale shi in ga abin da yake hana kishiyar tawa gaishe ni da safe."

Kowane kashi minti biyar ne, sai ga mu mun kalli huɗu a jere, ƙosai yana hucewa. Ba wani labari ne mai nisa ba: Peppa da ƙaninta George da ɗan dodonsa na roba, uwa da uba, gida a kan tudu, a je wajen kakanni, a dawo, a ƙarshe kowa ya faɗi rigingine yana dariya. Hajiya ta fi son zomanyar nan da ake gani a ko'ina, ita ce mai kanti, ita ce direbar bas, ita ce mai tuƙa jirgi mai saukar ungulu. Ta ce wannan da a Kurmi take da ta tara abin duniya.

Uban Peppa ne ya ɓata lissafi. Ƙaton tumbi, kullum cewa yake shi gwani ne, kullum kuma sai ya kwafsa, yaran su sa shi a gaba da dariya. Hajiya ta juya wajen ɗanta.

"Me yarinyar ta ce wa uban nata?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Wai... kamar ta ce masa shashasha."

Ta ja carbi biyu ko uku kafin ta yi magana. "Aladen ai zane ne, ba ci za ta yi ba. Amma wannan bakin, shi za ta ɗauka."

Ni kuwa gabana ya faɗi, don ta riga ta ɗauka. Ranar Talatar makon jiya uban yana neman makullin mota alhali yana aljihunsa, Ummi ta dube shi ta faɗi kalmar nan da Turanci, da irin muryar Peppa sak, mu biyun muka fashe da dariya har na ɗauke ta a waya. Tun safen nan nake juya maganar a raina. A bakin Turawan nan kalmar ta wasa ce, ta shagwaɓa, uwa ma tana faɗa wa jaririnta. Amma na nemi yadda zan mayar da ita Hausa ba tare da ta zama zagi ba, na rasa. Shashasha, sakarai, wawa, dolo: ba ɗaya da ɗa zai faɗa wa mahaifinsa ya kwana lafiya. Mu da muka tashi ko sunan uba ba ma iya kamawa, in an kira mai irin sunan sai mu sunkuyar da kai. Ashe dariyar da na yi ranar nan da kunnen Turanci na yi ta. Da Hajiya ta sa aka fassara, da kunnen gidanmu na ji, sai kunya ta kama ni. Kuma ban san wanne daga cikin kunnuwan biyu Ummi za ta girma da shi ba.

Bayan azahar ruwa ya tsagaita, muka fita filin wasan unguwa. Hajiya ta naɗe da rigar sanyi biyu a ƙarƙashin mayafi. Ummi na hango inda ruwa ya kwanta ta fizge hannu ta faɗa ciki tana tsalle, taɓo har goshi. Hajiya ta yi salati. Ta ce a Kano da bulala ake korar yaro daga kwatami, a nan kuma takalmi ake saya masa don ya shiga. Haka ne kuwa. Tsalle a taɓo shi ne tambarin shirin, amma da sharaɗin sai an sa takalmin ruwa, kuma Ummi ta riƙe sharaɗin nan fiye da duk dokar da na taɓa kafa mata. In ba takalmin, ko an tura ta ba ta shiga. A nan kam dole in yaba.

Yara huɗu ne a cikin ruwan, 'yar Bature ɗaya, 'yan Pakistan biyu, sai tawa, duk gurnani iri ɗaya suke yi. Na san iyaye Musulmi a nan da suka hana shirin a gidajensu ɗungurungum, suka koma Omar & Hana na Maleshiya. Na gwada, Ummi tana son waƙoƙin. Sai dai ranar Litinin in ta koma makarantar reno, Peppa ce a jakar kowa.

Abban Ummi, da ba ya barin labari ya wuce shi, ya zauna kan benci yana ba Hajiya tarihi. Ya ce tun 2004 aka fara nuna shi a tashar Channel 5, yaran da suka fara kallo yanzu wasu sun yi aure. A 2019 kamfanin kayan wasa na Amurka, Hasbro, ya sayi kamfanin da ke da shirin a kan kusan dala biliyan 4. Hajiya ta ce kada ma ya juya mata shi zuwa naira. Ya ce akwai wurin shaƙatawa guda na Peppa a Hampshire, can kudu, tun 2011, kuma a Nuwamban 2021 Boris Johnson, yana firaminista, takardun jawabinsa suka rikice masa a gaban manyan 'yan kasuwa, ya ɓuge da ba su labarin ziyarar da ya kai wurin.

"Shugaban ƙasa guda?"

"Firaminista, Hajiya."

"To Allah ya kyauta."

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda jaridu suka yi ta yayatawa lokacin kullen korona, cewa iyaye a Amurka na mamakin 'ya'yansu sun koma magana da karin harshen Ingila saboda Peppa. Waɗanda harshensu ɗaya ke nan, an lanƙwasa musu baki. Ina ga tawa, da Hausarta ba ta wuce "ruwa", "zo" da "a'a" ba?

Da daddare Hajiya ta ce a kawo mata kishiyarta. Ta zaunar da ita a cinya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ummi ta yi zuru. Ni na amsa mata daga bakin ƙofa, "Ta zo mu ji ta." Aka fara Gizo da Ƙoƙi, ina fassarawa. Da na gaya mata ko wane ne Gizo, sai ta ɗaga yatsa ta sanar da mu cewa gizo-gizo ƙanƙane ne, ba ya cutar da kowa, a Peppa aka faɗa. Kashin nan ne fa aka janye a Ostireliya, don su can gizo-gizonsu mai dafi ne. Na fassara wa Hajiya, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Gaya mata wannan Gizon kam macuci ne, ko matarsa bai bari ba."

Ba a kai ƙurunƙus ba. Wajen minti biyar Ummi ta zame daga cinya ta tafi neman takalminta. Amma ina sa mata kayan barci na ji tana maimaitawa ƙasa-ƙasa, "ta zo mu ji ta", ta mayar da shi waƙa.

Na leƙa yi wa Hajiya sai da safe, na tarar tana shafa man zafi a gwiwa. Na ce, "Akwai abin da kuke buƙata?" Ta ce babu. Har na juya ta kira ni.

"Maman Ummi, ledar nan da kika tura ƙarƙashin gadona, tun ranar da na sauka na gan ta, garin neman takalmina. Ki fito wa yarinya da kayanta. Kofin dai kada a ba ni shayi a ciki."