Bayan Yaro Ya Buɗe Baki

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare, wata yarinya 'yar aji biyar ta tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi, ta jira har sauran yara suka watse, sannan ta ce da ni: "Malama, ni ba na son a riƙa aike na shagon nan na bakin layinmu." Na ɗauka ƙiwa ce irin ta yara, na ce mata ta yi haƙuri ta bi maganar iyayenta. Bayan wasu watanni abin da ke faruwa a shagon ya fito fili, manyan unguwa suka zauna a zaure, aka ce a rufa asiri domin kada yarinyar ta rasa mijin aure, mutumin ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa, ita kuma aka cire ta daga makaranta. Tun daga lokacin nake bibiyar abin da masu binciken walwalar jama'a suka rubuta a kan cin zarafin yara, domin in gane abin da ya kamata in ji a cikin waccan magana amma ban ji ba.

Binciken da na fi komawa gare shi shi ne wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya a shekarar 2014, tare da asusun UNICEF da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, aka kuma fitar da sakamakonsa a watan Satumba na 2015. An bi gida-gida an tattauna da yara da matasa fiye da 4,000 masu shekara 13 zuwa 24. Yadda aka tsara aikin ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna cewa masu shi sun san hatsarin da ke tattare da yi wa yaro irin wannan tambaya. Mutum ɗaya kawai ake zaɓa a kowane gida, mace ce ke tattaunawa da mace, namiji da namiji, kuma a keɓe. Unguwannin da aka tambayi 'yan mata daban suke da waɗanda aka tambayi samari, saboda kada a yi rashin sa'a a tambayi wadda aka zalunta da wanda ya zalunce ta a wuri guda, shi kuma ya gane abin da aka zo nema ya huce a kanta bayan baƙi sun tafi.

Sakamakon ya nuna cewa kusan yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Kusan rabi sun sha dukan da ya wuce horo. Yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba sau ɗaya ya same su ba. Masu aikatawar galibi ba baƙi ba ne. Mutane ne da yaron ya sani, daga dangi da maƙwabta zuwa malamai da samari. Jaridu sun yayata waɗannan alƙaluma, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka fi saurin wucewa: cikin yara 100 da aka ci zarafinsu, waɗanda suka sami taimakon likita, ko jami'in walwala, ko wata hukuma, ba su kai 5 ba. Wasu ba su taɓa faɗa wa kowa ba, wasu kuwa sun faɗa wa ƙawa ko ɗan'uwa, maganar ta mutu a nan.

A kan wannan giɓi da ke tsakanin faɗa da samun taimako ne nake ganin binciken ya fi yi mana amfani. A 1983 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Roland Summit, ya bayyana yadda yaron da ake lalata da shi yakan ɓoye abin, ya ji ba shi da mafita, ya daɗe bai faɗa ba, idan ya faɗa kuma ya faɗa a dunƙule, wani lokaci ma ya janye maganar idan ya ga gida ya hargitse saboda shi. Masana sun yi ta muhawara a kan yawan yaran da ke janyewa, amma batun jinkiri binciken da ya biyo baya ya tabbatar da shi, har akwai masu yawa da ba sa buɗe baki sai sun girma. Yaro yakan fara da gwaji ne, ya jefa 'yar magana ya dubi fuskar babba. Idan ya ga tsawa, ko shakka, ko an shashantar da shi, sai ya haɗiye sauran. A al'adarmu da ake yabon yaro da kunya da kawaici, ake kuma koya masa cewa ba a ƙaryata babba, wannan gwaji yakan zo a lulluɓe ƙwarai, kamar "ba na son zuwa gidan kawu" ko "ni na daina talla a tashar nan".

Wasu masu bincike kuma sun nazarci yadda ake yi wa yaro tambaya, suka gano cewa buɗaɗɗiyar tambaya irin ta "gaya mini duk abin da ya faru" tana fitar da bayani mafi inganci fiye da tambayar da ke cusa wa yaro amsa a baki. Mu kuwa mun saba mu tara mutane a kansa, uwa na kuka, uba na faɗa, mai unguwa na tambaya, sannan a maimaita a ofishin 'yan sanda, a sake a asibiti, har yaron ya ruɗe a ce labarinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma abin da likitocin yara suka daɗe da tabbatarwa wanda iyaye da yawa ba su sani ba, wato mafi yawan yaran da aka yi lalata da su ba a ganin wata alama a jikinsu idan an duba, musamman in an daɗe. Saboda haka cewar "likita bai ga komai ba" ba ta wanke wanda ake zargi. Gaggawar zuwa asibiti tana da wani dalilin dabam, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kwanakin da mukan ɓatar a zaure ana neman sulhu. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato an kafa su ne domin a haɗa magani da shawara da taimakon shari'a a wuri guda, amma sun yi kaɗan, kuma ɗan ƙauye sai ya yi doguwar tafiya kafin ya kai gare su.

Kada a ɗauka wannan toshe kunne namu ne kaɗai. A 2014 ɗin dai, Alexis Jay, wadda ta daɗe tana aikin walwalar jama'a, ta fitar da rahoto a kan garin Rotherham na Ingila, inda ta ƙiyasta cewa an yi lalata da yara aƙalla 1,400 tsakanin 1997 da 2013. Can akwai doka da kuɗi da ma'aikata, kuma su kansu yaran da ma'aikatan da ke kula da su sun sha kai ƙara, amma manyan jami'ai suka riƙa kallon 'yan matan a matsayin marasa kamun kai da suka zaɓar wa kansu wannan rayuwa. Da na karanta sai na tuna yadda mukan ce da 'yar talla "idonta ya buɗe", kalmar da ke ɗauke laifi daga kan magidanci ta ɗora shi a kan yarinya 'yar shekara goma sha biyu.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan binciken na 2014. Tunda gida-gida aka bi, da wuya ya riski almajirin da ke kwana a tasha ko a rumfar kasuwa, ko yaron da ke tsare a gidan horo. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300, ciki har da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma irin waɗannan ba sa shiga ƙidayar gida-gida. Haka nan binciken ya auna duka da lalata da muzantawa, amma bai mai da hankali a kan sakaci ba, alhali a arewa yaron da aka bari ba ci, ba magani, ba mai tambayar inda ya kwana, shi ne mafi sauƙin kamu ga mai mugun nufi. Auna sakaci aiki ne mai wuya, domin dole a bambance uwar da ba ta da shi da uban da yake da shi ya hana, kuma mai binciken da bai san riƙo da agolanci da almajiranci daga ciki ba zai iya yi wa talaka ƙazafi ko ya wanke azzalumi.

Dokar Kare Haƙƙin Yara tana nan tun 2003, jihohin arewa kuma sun yi nasu a hankali, amma doka ba ta zama a aji ko a tsakar gida lokacin da yaro ya yi gwajinsa na farko. Malama ce ke nan, ko goggo, ko malamin Islamiyya. Abin da nake fatan sassan nazarin walwalar jama'a na jami'o'inmu za su yi shi ne su zauna da manyan da abin ya same su suna yara, cikin Hausa kuma cikin sirri, su tambaye su kalmar da suka fara furtawa, da wanda suka faɗa wa, da amsar da aka ba su, sannan a koyar da abin da aka tattara a kwalejojin horar da malamai da makarantun unguwarzoma. Da an taɓa nuna mini irin wannan jeri kafin a ba ni aji, da a ranar nan na rufe ƙofa na zaunar da yarinyar, na ce mata ta gaya mini abin da ya sa ba ta son zuwa shagon.