Aikin layin dogo a Amurka da tsohuwar Burro ɗina

Jama'a da yawa in na ce musu sana'ata gyaran layin dogo ce a Amurka sai su ɗauka da manyan kamfanoni irin su Union Pacific ko BNSF nake aiki. A'a, ɗan ƙaramin kamfani gare ni a jihar Illinois, mu kaɗan ne, kuma aikinmu shi ne ƙananan layukan nan da ke ɓallewa daga babban layi su shiga cikin masana'anta ko rumbun hatsi ko wurin sauke taki da katako. Irin wannan layin yawanci mai masana'antar ne ke da alhakin kula da shi, in ya lalace kamfanin jirgi zai ce ba zai ƙara shigo masa da tarago ba sai ya gyara, kaga kasuwarsa ta tsaya kenan, to a nan ne ake kiranmu. Mu canza katakan silifa da suka ruɓe, wato katakan da dogo ke kwance a kansu, mu cire dogon da ya tsage mu sa wani, mu zuba tsakuwa mu daidaita, mu auna faɗin layi ya dawo daidai ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wato milimita 1,435. Mahaifina Allah ya jiƙansa a reluwe ya yi aiki a Zariya, a kan tsohon layinmu mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, don haka warin giris da ƙarar guduma a kan ƙarfe da su na tashi.

A duk kayan aikin da nake da su babu wanda nake ji da shi kamar tsohuwar ƙugiyata, ƙaramin kiren mai tafiya da kansa a kan dogo, wanda ake kira Burro. Kamfanin Cullen-Friestedt na birnin Chicago ne ya fara ƙera su, suka yi ta fitar da samfuri iri-iri, akwai lamba 15 ƙarama, akwai 30, akwai 40, akwai 50. Lamba 30 tana ɗaga tan 7 da rabi, lamba 40 kuma wadda ita ce tawa tan 12 da rabi. Daga baya sunan ya bar hannun masu shi na farko ya ƙare a wurin kamfanin Badger Equipment da ke garin Winona a jihar Minnesota, shi ma Badger ɗin kamfanin Manitex ya saye shi a 2009. Tawa ta tun zamanin Chicago ce, tambarin yana nan a jikinta, a hannun wani ɗan kwangila da ya tsufa ya bar aiki na saye ta, ta daɗe a ajiye ciyawa har ta fito ta tsakanin ƙafafunta.

Sai ka san nauyin dogo kafin ka gane amfanin wannan injin. A nan Amurka shekaru da yawa tsawon dogo guda ƙafa 39 ne, an yi shi haka ne don ya shiga tarago mai ƙafa 40. Shi kuma nauyi da yadi ake faɗinsa, in an ce dogo mai 115 ana nufin kowane yadi ɗaya fam 115 ne, to ƙafa 39 yadi 13 kenan, ka lissafa za ka ga guda ɗaya ya kusa fam 1,500, wajen kilo 680. Mai 136 kuwa wajen kilo 800 yake kaiwa. Da can ƙarti ne ake jerawa da awartakin ƙarfe biyu-biyu su cicciɓa, a kudancin ƙasar ma baƙaƙen fata masu wannan aiki suna da mai ba da waƙa don kowa ya motsa lokaci guda, haka mu ma layin da ya iso Kano a 1911 da ƙarfin damtsen mutane aka shimfiɗa shi. Burro ta zo ta ɗauke wannan wahalar, mutum ɗaya a ciki, biyu a ƙasa, dogo ya tashi ya sauka inda ake so.

Abin da ya sa ta fita daban shi ne an ƙera ta ne musamman don layi, ba wai kiren ɗin gini aka ɗauko aka sa wa ƙafar jirgi ba. Bayanta gajere ne, in ta juya ba ta shiga hurumin layin da ke gefe, kaga jirgi zai iya wucewa ta can ita tana aikinta a nan, wannan babban abu ne a wurin da layuka suke jere kusa da juna. Tana da maƙali gaba da baya, tana jan tarago da kanta, mu ɗora mata katako da ƙusoshi da dogo ta ja mu tafi wurin aiki ba sai an nemo kan jirgi ba. Ba ta da tsayi sosai, har ana iya hawar da ita kan buɗaɗɗen tarago a saka ta cikin jirgi a kai ta wani gari. Sannan bakin ƙugiyar abin da ka ga dama za ka rataya, awartakin kama dogo, ko bokitin nan mai buɗe baki na kwasar ƙasa in za a yashe kwata a gefen layi, ko maganaɗisu, shi wallahi ranar da muka gama canza layi ina jin daɗin kallonsa, ka sauke shi a kan tulin tsoffin ƙusoshi da farantan ƙarfen da dogo ke zama a kansu su yi tsalle su manne, aikin da da sai yara su wuni a duƙe suna tsinta.

Cikinta babu kwamfuta ko ɗaya, liba ce da feda, kuloci da birki da gangar naɗe waya. In za a ɗaga dogo, na ƙasa zai kama shi da awartaki a daidai tsakiya, mukan sa alamar alli a wurin tun kafin a fara, sai ya ja baya ya ba da hannu. Kai kuma a ciki ka jawo libar a hankali har ka ji kulocin ya fara kamawa, injin ya canza murya, wayar ta miƙe ta yi tauri, dogon ya rabu da ƙasa kamar taƙi ɗaya, sai ka tsaya a nan tukuna ƙafarka a kan birki ka ga ko zai karkata. In ya tsaya daidai sannan ka juya, shi kuma na ƙasa yana riƙe da igiya a ƙarshen dogon yana bi da shi don kada ya yi lilo ya bugi mutum. Saukewa ta fi ɗagawa wuya, da tafin ƙafa ake yinta, ka ɗan saki birki ka kama, ka ɗan saki ka kama, har dogon ya zauna a kan farantansa ba tare da ya buga ba.

Ɗan ƙanwata da nake koya wa aikin ya taɓa tambayata, ya ce Kawu tunda an rubuta tan 12 da rabi me ya sa ka hana ni ɗaga abin da bai kai rabin haka ba? Na ce masa yaro, wancan lissafin na lokacin da kayan suke dab da jikinta ne hannun ƙugiyar yana tsaye sama, da ka kwantar da hannun ka miƙa shi nesa ƙarfin sai ya yi ta raguwa, ga allon awon nan manne kusa da kujera ka karanta shi kafin ka taɓa liba. Kuma ka tuna gaba ɗayanta a kan ƙarfe biyu take tsaye da tazararsu ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, ɗagawa ta gaba ko ta baya daban, ɗagawa ta gefe daban, balle a kan kwana inda dogo ɗaya ya fi ɗaya tudu, in ka juya da kaya ta ɓangaren gangare sai ka ji ƙafar baya ta fara sauƙi, wannan wurin ba a gwada jarumta a cikinsa. Kafin ma a kunna ta sai mun kulle mahaɗar layin da kwaɗonmu mun kafa jar tuta, don kada a turo tarago a kanmu, hukumar kula da jiragen ƙasa ta tarayya tana da tsauraran dokoki a kan kare masu aiki a layi kuma ni ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari.

Ba zan ɓoye ba tana da nata wahalhalun. Ba ta hawa titi, in aiki ya tashi a wani gari sai an kira babbar tirela mai kwantaccen baya an shimfiɗa mata dogo ta hau, kuɗin wannan kaɗai yana iya cinye ribar ƙaramin aiki. Shi ya sa yau yawancin 'yan kwangila suka koma kan injin ɗaga dogo mai suna Speed Swing na kamfanin Pettibone, ko motar ƙugiya da eskabeta masu ƙafar roba da ƙananan ƙafafun ƙarfe da ake saukewa a hau dogo, su zo ta titi su yi aiki su koma ta titi. Ni ma ina da irin motar nan guda ɗaya kuma ita nake turawa ƙananan ayyuka. Amma in aikin na shimfiɗa layi ne mai tsawo, ko a lungun da babu hanyar mota, dama ruwa hagu gona, to Burro ce kawai, ita ke jan kayanta ta shiga. Injinta Detroit dizal ne, ga ƙara ga yoyon mai, lokacin hunturun Illinois kuwa sai an sa masa hita ya kwana da ita in ba haka ba da safe ba zai tashi ba. Wasu safaya ana samu wurin dillalan tsoffin kayan layi, wasu kuma sai dai ka cire tsohon ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yi maka sabo.

Burro ɗin da suka rage yanzu, ban da na hannun ƙananan kamfanonin jirgi da irinmu 'yan kwangila, yawanci a gidajen tarihin jirgin ƙasa suke. Akwai a Illinois Railway Museum da ke garin Union, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, akwai kuma a Niles Canyon Railway can Kalifoniya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba fenti kawai aka yi musu aka ajiye don ɗaukar hoto ba, gidajen nan suna da layinsu na kansu da suke yawo da baƙi a kai, layi kuwa dole a gyara shi, sai 'yan sa-kai su kunna tsohuwar Burro ranar Asabar su fita da ita aiki, yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya tare da samari masu sha'awa. A ganina wannan ita ce ajiyar da ta dace da injin irin wannan, don in ya daina motsi birki ya kafe, waya ta yi tsatsa, wanda ya iya tuƙa shi ma ya tafi da iyawarsa, daga nan sai 'yan gwangwan su zo da wutar yanka. Kullum in na je gida na bi ta tashar Zariya na hango tsoffin taragu da injina sai in ji ina ma a samu ƙungiyar matasa da dattawan reluwe su ɗauki ko guda ɗaya su tayar da shi, kamar yadda masu kishin tarihi suka raya Jaekel House, wani tsohon ginin reluwe a Ebute Metta ta Legas.

Tawa dai bana da sanyi ya shigo za mu shigar da ita shago, kulocin juyawa ya fara zamewa sai an sake masa fata, wayar ɗagawa ma na ga zare ya fara tsinkewa kusa da ƙugiya, gara a canza ta gaba ɗaya. Na gaya wa yaron nan shi zai kwance da hannunsa ya mayar ina tsaye a kansa, in Allah ya kai mu bazara akwai layin wani rumbun masara da za mu sauya wa dogo, shi zai zauna a kujera ni in tsaya a ƙasa ina ba shi hannu.