Direban da ya huda hular kwanonsa don ya sha sigari

Wani dare bacci ya ƙi zuwa, ga zafi ga babu wuta, ina kwance a tsakar gida ina ta dannan waya, sai YouTube ya jefo min wani tsohon bidiyo na tseren motoci a Amurka. Hoton ma duk ya dusashe, na shekarar 1990 ne a filin Talladega. Kyamara na cikin motar wani direba, an ɗaga tutar nan ruwan ɗorawa da ke nufin kowa ya rage gudu, kawai sai na ga bawan Allah ya laluba ya zaro karan sigari ya kunna abinsa ya ci gaba da tuƙi kamar direban tasha da ke jiran lodi ya cika. Sai da na maimaita wajen sau uku wallahi. Sunansa Dick Trickle. Daga wannan daren na shiga bin labarinsa, datar da na saya don sati guda ko kwana biyu ba ta yi ba.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne yadda ake gabatar da shi. In ka duba lissafin babbar gasar NASCAR, wato babbar ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, za ka ga ya shiga tsere 303 kuma bai taɓa zuwa na ɗaya ba ko sau ɗaya, to mai karatu a gurguje sai ya ce ai wannan ɗan rakiya ne. Alhali mutumin nan kafin ya je can ya riga ya cinye ƙananan filayen jihar Wisconsin da kewayenta tas, ana ƙiyasta ya ci manyan tsere wajen 1,200 a rayuwarsa, shi ya sa da yawa ke kiransa direban ƙaramin fili da ya fi kowa cin tsere a tarihin Amurka.

Bari in ɗan yi bayanin ƙaramin filin nan don na san yawancinmu Formula 1 muka fi gani. Fili ne mai siffar ƙwai da zagayensa bai kai mil ɗaya ba, wasu ma rubu'in mil ne kacal, wato kamar mita 400, kusan daidai da layin gudu da ke kewaye filin ƙwallo a sitadiyam. Ka ƙiyasta motoci ashirin da wani abu masu ƙaton inji a cikin wannan ɗan wurin, kowa na kwana hagu, ba ka gama fita daga wannan kwanar ba ka shiga waccan. Babu doguwar miƙaƙƙiyar hanya da za ka ce bari in take totur in tsere musu. Aikin duk yana ga birki da sitiyari da sanin lokacin da za ka saki mai, da kuma lallaɓa tayoyinka kar su cinye kafin a gama. Motocin kuma a ido kamar na gida suke, Ford ko Chevrolet ko Pontiac irin wanda mutum zai gani a titi, amma an fige cikin an yi musu kejin ƙarfe da walda. Daytona, babban filin NASCAR da ake ji, zagayenta mil biyu da rabi ne, kun ga ai ba a ma haɗa su.

An haife shi ranar 27 ga Oktoba 1941 a Wisconsin Rapids, ya tashi a yankin wani ɗan ƙauye da ake kira Rudolph. Gidansu talakawa ne na sosai, har da tallafin gwamnati suka rayu a kai. Yana ɗan shekara takwas suna wasan guje-guje a cikin wani gini da ba a ƙarasa ba ya faɗo daga sama har ƙasa ya karye a ƙugu, ya yi kusan shekara uku a ɗaure cikin filasta daga ƙugu zuwa ƙafa, kuma har ya bar duniya yana ɗan ɗingishi. A cikin wannan jinyar ne aka kai shi kallon tsere a garinsu, yaro da ko tafiya ba ya iya yi da kyau ya ga motoci na shawagi, shi ke nan abin ya shiga ransa.

Kuɗin mota fa babu. Ya yi aikin gona a wurin mutane, ya kuma riƙa zama a maƙerar danginsu inda ya koyi walda da sarrafa ƙarfe, har ya tara dala 100 ya sayi tsohuwar Ford ƙirar 1950 yana ɗan shekara sha shida. Nan ne ni labarin ya kama ni sosai, don na yi shekara huɗu ina yaron gareji kafin in koma makaranta, na san mutumin da ke gyara da abin da ya samu ba da abin da littafi ya ce ba. Maigidana na lokacin in aka kawo mota babu kayan gyaranta a kasuwa cewa yake "kai ɗan nan, jeka wajen 'yan gwangwan ka dubo mana", in na dawo da wani ruɓaɓɓen ƙarfe ya juya shi ya juya ya ce zai yi, kuma ya yi ɗin. Trickle irin wannan ne. Shi ke haɗa motarsa da hannunsa daga kayan bola, shi ne direba shi ne bakanike, in ta lalace daren yau shi zai kwana a ƙarƙashinta don gobe akwai wani tseren a wani garin. Ya yi aiki a gidan mai, ya yi a kamfanin tarho yana hawa falwaya, daga baya ya ajiye duka ya ce da tsere zai ci abinci.

To cin abinci da tsere a Wisconsin ba wasa ba ne, saboda ƙanƙara ke rufe su rabin shekara, lokacin tseren daga wajen ƙarshen Afrilu ne zuwa Oktoba. Abin da ya taimake su shi ne filayen tsakiyar jihar sun daidaita dokokinsu kusan iri ɗaya kuma kowanne da darensa a sati, yau La Crosse, gobe Wausau, jibi Madison, gata Wisconsin Dells, sai Golden Sands kusa da Plover. Kamar dai ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, kowace rana da inda take ci. Mutum ɗaya da mota ɗaya zai iya yin tsere biyar, shida, har bakwai a sati in ya haɗa da na rana ran Lahadi, a shekara ya haura ɗari. Ka gama tsere sha ɗayan dare, ka karɓi 'yan kuɗinka a taga, ka ɗora mota a tirela, ka kama hanya. In ka ci ka sayi taya da mai ka kai cefane gida, in ka fasa mota kuwa asarar taka ce kai kaɗai, babu wani kamfani da zai share maka hawaye.

Wannan ne ya sa salon tuƙinsa ya zama yadda ya zama, a ganina. Mutumin da motar da yake tuƙawa ita ce jarinsa ba zai je yana dukan na gabansa don burge 'yan kallo ba. An san shi da tuƙi mai santsi, ya bi ka a baya zagaye goma yana karantar inda kake ɓata kwana, ran da ka ɗan buɗe sai dai ka ga ƙeyarsa. Kuma dokokin wasu filayen na lokacin masu sauri a baya ake jera su, wato sai ka ratso cikin motoci kusan ashirin a tseren da bai fi zagaye talatin ko hamsin ba kafin ka ga gaba. Duk daren duniya.

A 1966 ya je Rockford a jihar Illinois ya ci gasar ƙananan filaye ta ƙasa, karo na farko da aka fara yin ta ma kenan, daga nan sunansa ya fita wajen Wisconsin. A 1968 ya zama gwarzon sabbin shiga a gasar USAC, wata ƙungiyar tseren motoci ta Amurka. Sai 1972, shekarar da har yanzu ake maganarta, ya ci manyan tsere 67 a kaka ɗaya. Ku lissafa da watanni shidan da suke da su ku gani, kusan duk kwana uku sai ya ɗaga tuta sau ɗaya. Kuma ba da ragwaye yake karawa ba, akwai su Tom Reffner wanda shi ma ya kamo 67 ɗin a 1975, ga Marv Marzofka ga Joe Shear ga Larry Detjens, duk zakaru ne a wannan yankin. Daga baya da kamfanin gidajen mai na SuperAmerica ya ɗauki nauyinsa aka yi wa motarsa mai lamba 99 farin fenti, 'yan kallo suka laƙaba masa suna farin barde. Ya ɗauki kambun ARTGO sau bakwai, ya ɗauki na ASA a 1984 da 1985, duka biyun gasannin ƙananan filaye ne, kuma a waɗannan gasannin ne samari irin su Rusty Wallace da Mark Martin da Alan Kulwicki suka yi ta gwabzawa da shi suna koyo kafin su tafi NASCAR su yi suna. Wallace da Kulwicki har kambun babbar gasar suka ɗauka daga baya.

Abin tambaya, me ya zaunar da shi bai bi su da wuri ba? Ya ɗan leƙa, tun 1970 ya shiga Daytona 500, babban tseren NASCAR na shekara, yakan je jefi-jefi ya dawo. Ni dai yadda na fahimta lissafi ne irin na mai iyali. A gida shi ne sarki, yana ci kusan kullum, kuɗi na shigowa, motarsa ce ba mai ba shi umarni, to don me zai saki reshe ya kama ganye ya je kudancin Amurka inda NASCAR take ya tuƙa motar wani da ba ta da ƙarfin zuwa gaba? Da ni ne ma abin da zan yi kenan.

Sai 1989 dama ta zo da kanta. Direban motar 'yan'uwan Stavola mai lamba 84, Mike Alexander, bai gama warwarewa daga raunin da ya ji ba, aka kira Trickle ya karɓa. Mutum na da jikoki, yana shekara 48, ya zama gwarzon sabbin shiga na babbar gasar NASCAR, har a wajen karɓar kyautar ya yi barkwancin gode wa waɗanda suka ba "yaro matashi" irinsa dama. Ya zo da kayansa yadda yake, takalmin kaboyi a ƙafa, kofi a hannu kullum, hular kwano da ya huda don karan sigari ya samu hanya, da abin kunna taba a manne cikin mota. Ni ba mashayin taba ba ne kuma ba na yaba ta, yau ma ba wanda zai bar ka ka yi haka, amma ka ga mutum na jan mota a Talladega yana zuƙa hankali kwance dole ka yi dariya. Ana kuma ba da labarin wata ƙa'idarsa ta bacci, wai awa ɗaya ya ishe shi a kan kowane mil ɗari da zai yi tsere washegari, sauran daren na hira ne da masoya a bayan fili.

A 1990 ya koma motar Cale Yarborough mai lamba 66, ya ci tseren Winston Open a Charlotte, amma da yake tseren ba ya cikin masu ba da maki ba a lissafa shi, ya kuma fi kowa sauri a gwajin Dover ya tashi a sahun farko. Na uku ya zo har sau biyar a babbar gasar, nan ya tsaya. Yawancin shekarunsa a can ƙananan ƙungiyoyi ya tuƙa wa, irin ta Junie Donlavey mai lamba 90, masu fama da kuɗin inji, a wasan da mai kuɗi ke gaba. Masu labarin wasanni na tashar talabijin ta ESPN, Dan Patrick da Keith Olbermann, suka mayar da shi abin tsokana saboda sunansa na ba Turawa dariya, kullum in sun faɗi wanda ya ci sai sun ƙara da matsayin da Dick Trickle ya zo ko da na talatin ne. Ya ƙara masa farin jini, ba musu, amma ni abin na ɗan sosa min rai, miliyoyin mutane sun san sunan a matsayin abin dariya ba su san 67 ɗin nan ta 1972 ba. A gasar NASCAR ta biyu kuwa, wadda ake kira Busch a lokacin, ya ci sau biyu, Hickory a 1997 da Darlington a 1998 yana shekara 56, kuma duk mai bin wasan nan ya san Darlington ba filin yara ba ne.

Ƙarshensa babu daɗi. Jikarsa ta rasu a haɗarin mota a 2001, shi kuma a shekarunsa na ƙarshe ya yi ta fama da wani matsanancin ciwo a ƙirji da likitoci suka kasa gano kansa. Ranar 16 ga Mayu 2013 ya kashe kansa a wata maƙabarta a Boger City da ke North Carolina, inda aka binne jikar tasa, yana da shekara 71. Na jima shiru da na karanta wajen, don duk bidiyon da na gani nasa yana cikin raha ne da mutane.

A La Crosse duk Oktoba suna yin wani tsere da sunansa, zagaye 99 saboda lambar motarsa, an raba shi gida uku 33-33, kuma mutanen Rudolph sun yi masa wurin tunawa a garin. Na tura wa tsohon maigidana na gareji bidiyon sigarin nan ta WhatsApp, na yi masa dogon bayani da murya kan tsere 1,200 da komai da komai. Bai ce uffan a kan wannan ba, abin da ya dawo min da shi kawai shi ne wai in tambayo masa wane irin kafireto ne a motar.