Zafin tsohon gida a Legas: a fara duba kwano

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya saba da busasshen zafi: a rufe taga da rana, a yayyafa ruwa a tsakar gida, ɗaki ya yi sanyi. A Legas wannan dabara ba ta ci, domin iskar kanta cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Shi ya sa fankar nan da ake zuba wa ruwa, wadda ke da amfani a Arewa, a nan danshi kawai take ƙarawa. Abin da ɗaki ke bukata shi ne iska ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani, kuma a tare zafin da ke saukowa daga sama.

Yawancin tsofaffin gidajen haya na Agege, Idi-Araba da Obalende fasalinsu ɗaya: ɗakuna na kallon juna, siririyar hanya a tsakiya, kwano a sama, silin a ƙasansa. Da la'asar ka taɓa silin da bayan hannu. In ka ji ɗumi, zafin da kwano ya tara ne ya rasa mafita, kuma shi zai yi ta sauko maka har dare ya raba. Kafinta ya buɗe ƙofofin iska biyu a bangon da ke tsakanin silin da kwano, ɗaya a kowane ƙarshen gida, ya sa musu raga saboda ɓera da jemage. In kwanon ya yi duhu da tsatsa, a kankare, a shafa maganin tsatsa, sannan farin fenti shafi biyu. Wanda zai sake rufi kuwa ya shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, a bar mata tazarar iska ta aƙalla santimita 2.5 a gefen mai ƙyallin. In aka matse ta ba tazara, an yi asarar kuɗin.

Hattara da tsohon silin mai ruwan toka, domin da yawansa na asbestos ne. Muddin bai fashe ba, a shafe shi da fenti a ƙyale shi. Kada a huda, kada a goge da sanfefa, kada a farfasa, ƙurarsa tana lalata huhu kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

Taga ma akwai magana. Tsohuwar luba mai jerin gilasai tana buɗewa kusan gaba ɗaya, tagar zamani mai zamewa kuwa rabi kawai take buɗewa. Masu cire luba don ado suna rage wa kansu iska ne. A sauya gilasan da suka fashe, a sa wa ƙarfen mai, a wanke ragar sauro duk wata don ƙura na toshe ta. Iskar Legas galibi daga kudu maso yamma take kaɗowa, ta wajen teku, don haka kada a jingine kabad ko a tara kaya a tagar wannan ɓangare.

Bangon da ƙasansa ke kumbura, fenti na ɓarewa, ruwa yake tsotsa daga ƙasa. Fentin mai ba ya maganinsa, rufe laimar yake yi ta ƙara hawa sama. A fara gyara kwata da inda ruwan indararo ke zuba a gindin bango, birkila ya sare ruɓaɓɓiyar filasta, a bar wurin ya bushe sosai, a sake yaɓe da siminti mai haɗin maganin ruwa.

Sai lissafin mita. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit, ba wanda ke wasa da wannan. Tsohuwar fankar sama tana jan wajen wat 75. Awa 10 kullum ya kama yunit 22.5 a wata. Sabuwa mai injin DC da ke jan wat 30, yunit 9 za ta ci. In tsohuwar tana juyawa a hankali, yawanci kafasita ce, 'yar na'urar da ke taimaka wa injin juyawa, ta mutu, a sauya ta da mai lamba iri ɗaya. Kwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon kwai mai wat 60. Firji kuma a janye shi santimita 10 daga bango, a maƙale takarda a ƙofarsa a ja. In ta zare ba turjiya, robar ƙofar ta saki.

Iyakwandishan shi ne na ƙarshe, bayan an gama da rufi. Tsohuwar wayar gida sau da yawa ba ta ɗaukarsa, soket ya yi zafi, ya yi baƙi, daga nan gobara. Mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban daga allon fis da waya mai girman murabba'in milimita 4 (4mm²), da makashinsa. Ɗan haya kuma ya zauna da mai gida kafin a taɓa kwano ko waya, a rubuta wanda zai biya da abin da za a cire daga kuɗin haya.