Idan Yaƙi Ya Ɓarke a Wasan Ƙasashe, Wa Ke Yanka Farashin Mai?

A wasannin da mutum ke riƙe ƙasar ƙirƙira a intanet, irin su NationStates da aka fara a 2002, labari ya fi lalacewa a wajen man fetur. Wani ya kai hari kan rijiyoyin maƙwabcinsa, kafin a ce kwabo ya rubuta cewa ganga ta kai dala 300, abokan gabarsa duk sun talauce. Wannan zaluntar sauran 'yan wasa ne, don farashi ba abin da mutum ɗaya ke yankewa da bakinsa ba ne. Lissafi ne, kuma alƙalin wasa ne ya kamata ya riƙe littafinsa.

Tun kafin a harba harsashi ko ɗaya, a rubuta wa kowace ƙasa abu huɗu: ganga nawa take haƙowa a rana, nawa take sha, nawa matatunta ke tacewa, da kwana nawa ajiyarta za ta kai ta. Ganga ɗaya lita 159 ce. Ya fi sauƙi a ɗauki duniyar wasan tana shan ganga miliyan 100 a rana, kusan yadda take a zahiri, ta yadda kowace miliyan ɗaya ta zama kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙasar da ba ta shiga littafin ba kafin yaƙi, kada a bar ta ta tashi da safe ta gano rijiyoyi.

Abin da ke motsa farashi shi ne gangunan da suka ɓace daga kasuwa bayan an cire waɗanda wasu suka cike. Mu ce ƙasar da aka kai wa hari tana fitar da miliyan 3 a rana, an rushe tashar lodinta ɗaya, miliyan 2 suka tsaya. Duniya ta rasa kashi 2 ke nan. Mutane ba sa daina shan mai cikin mako guda don ya yi tsada, mai mota zai je aiki, jirgi zai tashi, shi ya sa ƙaramin giɓi ke haifar da babban tashi. Ma'auni mai kyau ga wasa shi ne a ninka kason giɓin sau goma: kashi 2 ya ba da kashi 20, gangar dala 80 ta koma 96. A ɗora kuɗin fargaba, dala 5 zuwa 10, muddin ana tsoron yaƙin zai bazu. Idan wata ƙasa tana da rarar ƙarfin haƙa na miliyan 1, ba ya shigowa a ranar. A ba shi wata guda. Daga nan giɓi ya koma kashi 1, ganga ta sauko wajen 88.

Tarihi ya goyi bayan wannan awo. Da Iraki ta mamaye Kuwait ranar 2 ga Agusta 1990, fiye da ganga miliyan 4 suka fita daga kasuwa, farashi ya tashi daga ƙasa da dala 20 zuwa wajen 40 a Oktoba. Farashin kansa ninki biyu ya yi, ba goma ba. Harin da aka kai wa cibiyar sarrafa mai ta Abƙaiƙ a Saudiyya ranar 14 ga Satumba 2019 ya tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana, amma tashin bai kai kashi 20 ba, kuma cikin 'yan makonni farashi ya koma inda yake, saboda an gyara da wuri kuma akwai ajiya. Tsawon lokacin da gyara zai ɗauka ya fi girman wutar da aka gani muhimmanci. Don haka alƙali ya faɗi ranar da kowane bututu ko tasha za ta dawo aiki, ba adadin da ya tsaya kaɗai ba.

Toshe mashigin ruwa shi ne makamin da kowa ke son ɗauka, kuma a nan aka fi tafka kuskure. A 2024, ta mashigin Hormuz da ke bakin Tekun Fasha wajen ganga miliyan 20 ke wucewa kullum, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke sha, amma wanda ya rufe irinsa ya rufe wa kansa ƙofa idan shi ma ta nan yake sayarwa. Sai a duba taswirar wasan: akwai bututun da ke kewaye mashigin, kamar na Saudiyya da ke zuwa Yanbu a Bahar Maliya? Idan akwai, a cire abin da yake iya ɗauka daga giɓin. Kuma ba sai an nutsar da jirgi ba kafin ciniki ya tsaya. Babban jirgin dako ɗaya na ɗauke da ganga miliyan 2, dukiyar dala miliyan 160 a farashin 80. Da zarar masu inshora sun ninka kuɗinsu ko sun janye, masu jirage za su ƙi shiga da kansu.

Mai kuma ba iri ɗaya ba ne. Da Libiya ta rasa yawancin abin da take haƙowa a 2011, mai sauƙin tacewa ne mara yawan farar wuta ya ɓace, irin Bonny Light na Nijeriya, kuma matatar da aka gina don irinsa ba ta karɓar mai nauyi haka kawai. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta saki ganga miliyan 60 daga ajiya a watan Yuni na shekarar. Ƙa'idarta ita ce mambobi su ajiye abin da zai kai su kwana 90 na man da suke shigowa da shi, kuma wannan iyaka ce mai kyau ga wasa. Wanda ya buɗe rumbunsa, a riƙa rage masa a littafi duk zagaye har ya ga ƙasan tukunya.

Mai sayar da ɗanyen mai ma kada ya yi saurin murna. Idan ba shi da matata, tataccen zai sayo da tsada, kuma idan yana biyan tallafi, ribar za ta bi ta nan ta fice. Sojojin da ke fagen daga dizal da man jirgi suke sha, ba ɗanye ba, don haka ƙasa na iya zama kan rijiyoyi tankokinta na tsaye babu mai.

Saukar farashi ma a rubuta ta da wuri. Ranar 17 ga Janairu 1991, da aka fara ruwan bama-bamai kan Iraki kuma aka ga rijiyoyin Saudiyya ba za su taɓu ba, ganga ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a yini guda. Kuɗin fargaba ke nan ya zube. Ɓarnar ƙasa kuwa ta daɗe: rijiyoyin Kuwait fiye da 600 aka cinna wa wuta, ba a kashe ta ƙarshe ba sai a Nuwamba. A wasa, a cire kuɗin fargaba a zagayen da aka tsagaita wuta, a bar giɓin gangunan a littafi har ranar da aka rubuta wa gyara ta cika.