Daga Tawa zuwa Yamai da yara, don wasan kwaikwayo na dare ɗaya

Don bikin cikar ɗiyarmu shekara 8 muka kai ta Yamai kallon wasan kwaikwayo, ita da ƙannenta biyu da uwarsu. Tafiyar kusan kilomita 550 ce. Manyan motocin safara da asuba suke tashi, don haka tun jajibiri na sayi tikiti na kai kaya tasha. Wanda ya bari sai da safe, kujerun baya zai samu, inda kowane rami yake jijjiga ciki, kuma a nan ne yara ke amai. Kujerun tsakiya na nema, gefen dama, saboda idan mota ta miƙe yamma rana tana bugun gefen hagu.

Hanya ta bi ta Tsarnawa zuwa Birnin Ƙonni, daga nan Dogon Dutsi, sai Doso, sai Yamai. Akwai shingayen jami'an tsaro, kuma ana iya tambayar takardar haihuwar kowane yaro. Nasu na haɗa da katina cikin leda ɗaya a aljihun gaba, ba cikin jakar da aka zuba a ƙarƙashin mota ba. Tsayawar hanya gajera ce, sallah da kewayawa kawai, direba ba ya jiran mai neman abinci. Guzurinmu burodi ne da dafaffen ƙwai da dabino, da ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum. Fura da nono mun bar su a gida, don ba sa jure zafin mota. Wajen Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, a tashi yara su leƙa taga: yankin raƙuman dawa ne, wani lokaci ana hango su.

Kada a haɗa ranar tafiya da ranar wasa. Yaron da aka tayar ƙarfe 3 na dare, ko an sa shi gaban dandali barci zai yi. Mun sauka ana jibi wasan, muka kwana biyu gidan yayata.

Washegari na je Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda, wadda 'yan taksi suka fi sani da CCOG, ba nisa da Babban Masallaci. Sunan mai shirya fim ɗin nan ne da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Abu uku na tambaya a bakin ƙofa: da wane harshe za a yi wasan, ko ya dace da yara, da kuma ko wanda ake goyo yana biya. Maganar harshe ita ce babba. A Yamai ana wasa da Zabarmanci, da Hausa, da Faransanci, wani lokaci a gauraya su, kuma takardar sanarwa ba kullum take faɗa ba. Yaron Adar da aka zaunar gaban wasan Zabarmanci zalla, minti goma ya isa ya fara tambayar yaushe za a tafi gida. In ba a dace a nan ba, akwai cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ake kira CCFN a da, wadda a 2024 aka sa mata sunan Mustafa Alasan, mai fim ɗin zane da ya daɗe zaune a Tawa.

Gato, wato kek ɗin bikin, a Yamai muka sa aka yi, marar kirim a sama, tunda kirim narkewa yake. Bayan la'asar muka yanka shi a gida, yara suka ci tuwo suka ƙoshi kafin mu fita. Dandalin a fili yake, ba rufi: iska ba ta barin kyandir, kuma ba wurin ajiye faranti.

Mun isa bayan magariba. Wasan dare yakan jinkirta har a sallaci isha'i, sai a tanadi abin taunawa, gyaɗa ko kilishi. Matakalan zama na siminti ne, sun sha rana yini guda, ga tauri. Zane biyu da aka ninka sun wadatar. Layin farko yana ruɗin mutane, alhali can ne kusa da lasifika, ƙarar na firgita ƙananan yara, kuma sai an ɗaga wuya. Mun zauna tsakiya, bakin hanyar fita, don mai jin fitsari kada ya tattake jama'a. Lokacin hunturu ne, da dare ya yi sanyi ya sauko, rigunan sanyi suka yi amfani. Da damina kuwa maganin sauro ya fi su muhimmanci. Tocila ma a riƙe, ko wuta za ta ɗauke. Na nuna wa babbar ginshiƙin ƙofa na ce mata: "Ke ce babba, in kuka ɓace mana, ki riƙe hannun ƙannenki ki tsaya nan."

Fita ta fi shiga wuya. Kowa na neman taksi lokaci ɗaya, ga mu mutum biyar ba mu rabuwa. Tun da rana na shirya da wani direba ya ɗauke mu mu kaɗai, muka yanke kuɗi, na karɓi lambarsa. A riƙe canji, 'yan ɗari da 'yan ɗari biyar, don da dare ba mai fasa maka jika goma.

Da safe kafin mu juya muka shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, inda ƙasusuwan dinozo da itacen Tenere da namun daji suke. A je da wuri, kafin rana ta kori dabbobi cikin inuwa. Tikitin komawa Tawa kuwa tun ranar da muka sauka na saye shi.